Kunnuwan Gwaggo

Asabar, 3 ga Mayu, bayan La'asar

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Na ga wayoyin.

Guda biyu ne, jajaye, gajeru kamar tsinken ashana. Na gan su a hannun Yaya Rilwanu ranar Litinin, yana durƙushe gaban akwatin wuta. Na sake ganin su ranar Laraba, bayan an fita da Sauda, yana sa su a aljihun wandonsa. Ya ga na gani. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. A gidanmu haka muke.

Tun da na gama firamare Inno ta turo ni daga Barkiya zuwa wurin Yaya, nan Dutsin-Ma. Shi ke tada injin casar shinkafa na Alhaji Almu. Ni ina cikin mata masu kwashe ɓuntu da ɗinke buhu. Sauda ita ke tsayawa a bakin injin. In zaren buhu ko kara ya toshe shi, ta ɗaga murfi ta cire.

A cikin akwatin wuta akwai wata 'yar aba rawaya, girmanta kamar sabulun wanki, da ƙananan fitilu a fuskarta. Mata suka sa mata Gwaggo, wai ba ta da aiki sai hani. Ka ɗaga murfi, ta kashe injin. Ka danna jan maɓalli, ta kashe. Ko ka mayar da murfin ba ta tashi, sai an zo an lallashe ta da shuɗin maɓalli. Sauda kan ce, "Gwaggo, Allah ya huci zuciyarki, mun tuba."

Ranar Laraba Sauda ta ɗaga murfi, Gwaggo ba ta kashe ba.

Sauran ba zan rubuta ba.

Lahadi, 4 ga Mayu, da hantsi

Injin a kashe yake, amma ni ina jin ƙararsa.

Litinin, 5 ga Mayu, bayan Azahar

Mun je aiki, ba aiki. Yaya ya danna shuɗin maɓalli har ya gaji. Gwaggo sai ƙifta jar fitila take yi, ta ƙi tashi. Haka ta yi ta yi a makon jiya, kafin wayoyin.

An wanke wurin da omo. An zuba ɓuntu a kai. Ni dai ba na bi ta nan.

Mata suna zaune a inuwar dalbejiya suna cewa Gwaggo barci ta yi ranar Laraba, yanzu kunya ce ta hana ta tashi. Wata ta ce kayan Turawa ai haka suke, ranar da kake buƙatar su ranar suke ha'intar ka. Ina jin su ina tsifar bakin hijabina.

Ba barci ta yi ba. Ni na danna jan maɓallin ranar nan. Ban san lokacin da na kai wurin ba, sai dai na ji tafin hannuna yana zafi. Ina dannawa ta kashe. Mai barci ba ya amsa kira da sauri haka.

Na gaji. Ban yi komai ba yau, amma na gaji.

Talata, 6 ga Mayu, bayan La'asar

An kira Malam Ilu daga Katsina, shi ne ya haɗa akwatin tun farko. Gajere ne mai tumbi, yana aiki yana cin gyaɗa. Da ya ji sunan da aka sa mata ya yi dariya har ya ƙware.

Alhaji ya ce, "Malam Ilu, ba dariya na kira ka ba. Abin nan naka ya lalace, ya jawo mini masifa."

Malam Ilu ya ce, "Alhaji, yi haƙuri. Wannan ko mutuwa za ta yi, sai ta kashe injin tukuna ta mutu. Haka aka ƙera ta. In wuta ta yanke mata, ta kashe. In cikinta ya ɓaci, ta kashe. Ba ta san wata amsa ba."

Ya kwanta a ƙasa ya leƙa ƙarƙashin murfin da tocila. Ya ce mu matso, har mu mata. Ya ce Gwaggo kunne biyu gare ta a jikin murfin nan. Kowanne da wayarsa, kowanne yana gaya mata ko murfi a rufe yake. Sai sun faɗi magana ɗaya take yarda.

"Ga shi nan. Ɓera ya ci wayar kunne ɗaya, kunnen kansa ma ya tsage. Ɗaya na cewa a rufe, ɗaya ya yi shiru. Ita kuwa kamar alƙali take, ba ta karɓar shaidar mutum ɗaya. Ba lalacewa ta yi ba, Alhaji. Gaskiya take faɗa muku, ku ne ba ku son ji."

Sai ya tashi zaune ya karkaɗe rigarsa. Ya ce, "Abin da ban gane ba, da kunnen nan haka, yaya aka yi injin ya tashi ranar Laraba?"

Yaya ya ce, "Bayan abin ne ya lalace."

Malam Ilu ya dube shi. Ya dubi kan ƙusoshin da ke jikin Gwaggo, ya shafa su da babban yatsa. Ya ce, "To."

Ya tambaya wa ya danna jan maɓalli. Aka nuna ni. Na ja hijabi na rufe baki.

"'Yata, da kika danna, ya tsaya?"

Na gyaɗa kai.

"Nan take?"

Na sake gyaɗawa. Ya ɗan jira, kamar zan ƙara wani abu. Ban ƙara ba. Ya ba ni gyaɗa.

Ya ce sai an kawo sabon kunne daga Kano, kuma kada a tada injin kafin nan. Ya faɗa sau biyu, na biyun yana kallon Yaya.

Bayan ya tafi Alhaji ya ce, to tunda Gwaggo lafiyarta ƙalau, ke nan yarinyar ba ta ɗaga murfi ba, ta gefe ta zura hannu don gaggawa. Kafin La'asar kowa ya ɗauki maganar. Har da waɗanda ke wurin.

Laraba, 7 ga Mayu, da yamma

Laraba ta zagayo. Anti Fiddausi, matar Yaya, ta yi miyar kuɓewa. Ban iya ci ba.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan Magariba

Shinkafar rani ta madatsar ruwan Zobe ta shigo gaba ɗaya. Buhuna sun cika rumfa sun fito har bakin titi. Manoman Makera suna kwance a kan kayansu suna fifita da hula. Wani tsoho ya ce da ya san haka ne da ya bar ta a gona tsuntsaye su ci, aƙalla su za su yi godiya. Wasu sun fara ɗora nasu a kan Keke Napep suna kai wa wani injin.

Ina ɗinke buhu a bayan ƙofar ofis na ji Alhaji yana magana da Yaya. Bai ɗaga murya ba.

"Ni ban ce ka yi komai ba, Rilwanu. Ban san aikinku ba. Na dai ce gobe ina so in ji ƙarar injin. In ba ka iya ba, ka faɗa mini, akwai yaron da ke ta bina."

Yaya ya ce, "To, ranka ya daɗe."

Cikin Anti ya tsufa. Ƙafafunta sun kumbura, takalmi ba ya shiga. Ta tambaye ni me ke damun yayana, na ce zafi ne.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan Magariba

Injin ya tashi. Fitilar Gwaggo kore shar. Mata suka yi guɗa, aka ce ta huce.

Ba wanda ya tambaya ko kayan Kano ya iso.

Ni aka sa a wurin Sauda. Yaya ya ja ni gefe, yana magana yana kallon bango.

"Kada ki taɓa murfin nan. Ko ya toshe, ki kira ni. Kin ji?"

"Na ji."

"Maimaita."

"Ba zan taɓa ba."

Ya toshe sau da yawa. Kowane karo na kira shi, ya danna jan maɓalli da kansa, ya cire zaren. Mata suna tsokana ta wai amarya ce ni, ba na taɓa ƙarfe. Duk yinin hannuwana suna cikin hijabi. Da na dawo gida kafaɗuna sun ƙage.

Asabar, 10 ga Mayu, da safe

Kore shar, kuma kurma. Ni kaɗai nake jin tausayinta.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan La'asar, a Barkiya

Na roƙi Yaya in zo ganin Inno. Na tsaya a Kurfi tukuna, gidan su Sauda. An sallamo ta daga asibiti. Na kai mata mangwaro, sai a ƙofar gida na tuna mangwaro hannu biyu yake so.

Tana zaune a tabarma, hannun yana kan filo a naɗe da farin ƙyalle. Ƙyallen ya fi yadda ya kamata gajarta. Na kalli tabarma.

"A'a, Batula sarkin surutu! Shigo, kada ki cika mu da zance."

Na yi mata sannu. Ta ce ita ai ta huta, yanzu lalle zai riƙa yi mata auki, ƙulli ɗaya ya kai ta Sallah biyu. Ta yi dariya. Innarta da ke bakin murhu ba ta yi ba. Ta tambayi kowa, har da tsohon nan mai gadi da ke bin ta bashin gaisuwa. Ta tambayi Gwaggo.

Na ce, "Tana nan."

Sai ta daina dariya. Ta ce in matso.

"An ce wai ta gefe na zura. Har nan maganar ta iso, kawuna ya zo yana mini faɗan ganganci. Batula, na ɗaga murfin. Wallahi na ɗaga. Ƙarfen ciki a tsaye yake, ga janareta na ruri, ina zan san bel ne kawai ke zamewa? Ina zare zaren ya juya. Kina wurin."

"Ina wurin."

"To?"

Na ji ƙudaje, na ji akuya, na ji komai. Ta daɗe tana kallona.

"Shi ke nan, 'yar Fulani. Yanka mini mangwaron nan, ki sa mini a baki. Wa aka sa a wurina?"

Na ce ni.

Ta ƙi karɓar mangwaron. Ta ce, "Allah ya tsare," ta juya fuska bango.

Mai mashin da ya kawo ni Barkiya ya yi ta sauri don ba a son bin hanyar dajin nan in rana ta yi sanyi. Ƙugu na ciwo.

Litinin, 12 ga Mayu, da hantsi

Inno ta tambayi Anti, ta tambayi cikin, ta tambayi kajin da ta ba su. Ba ta tambayi Yaya ba. Shi ne ɗan farinta. Tun da nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane. In dole ta yi, sai ta ce "wancan".

Tana dama fura ta ce, "Na ji an ce injin na aiki."

"Yana yi."

"Na kuma ji an ce kayan gyara bai iso ba."

Ban san wa ke kawo wa Inno labari ba. Ko ƙofar gida ba ta cika fita ba.

Na ce, "Inno, in mutum ya ga abu, kuma mai abin nasa ne, mi zai yi?"

Ta ci gaba da juya ludayi.

"Sa'ad da wancan ke rarrafe, ya nufi murhu, surukata na zaune, baƙi na zaune. Kunya ta hana ni kama sunanshi."

"Sai aka yi yaya?"

"Mi za a yi? Ƙafa na kama na fizgo shi. Ya yi ta kuka. Ba a ce sai ka kira suna kake hana mutum wuta ba."

Ta miƙo mini ƙwaryar. Ta ce in sha in tafi tun rana ba ta yi ba. Ta ƙulla man shanu a roba ta ce, "Ki kai gidan." Ba ta ce wa ba. Na san wa ke son man shanu.

Talata, 13 ga Mayu, bayan Magariba

Aiki. Ɓuntu har cikin kunne. Kayan Kano bai iso ba. An ce Alhaji bai ma aika ba tukuna, wai sai an rage buhunan.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan La'asar

Na samu Yaya a tsakar gida yana wanke hannu a buta. Ya wanke, ya sake wankewa. Na tsaya har ya ɗago.

Na ce, "Yaya, wayoyin."

Ban taɓa jin muryata haka ba. Kamar ta wata.

Ya ce, "Ke kuma yaushe kika zama injiniya?"

Na kalli aljihun wandonsa.

"Kwana nawa ne? Kayan na zuwa. Ina kula. Ba ga shi ina kula ba?"

Ya ajiye butar. Ya zauna a kan turmi. Ya ce abin da ya yi sunansa dairek, ya haɗa bakin wayoyin ne a cikin akwati don Gwaggo ta riƙa jin kunnuwanta biyu suna cewa a rufe, a rufe, ko da murfin a buɗe yake. Ya ce kowane mai injin ya san shi. Ya ce ranar Litinin ɗin Sauda ba ta zo ba, Talata bai toshe ba.

"Ranar Laraba na ce zan gaya mata bayan Azahar."

Abin ya faru ana kiran Azahar.

Ya rufe fuska da hula. Ban taɓa ganin haka ba, sai na kalli katanga. Anti ta kira shi daga ɗaki ya zo ya ɗaga ta. Ya share ido ya ce, "Ina zuwa, Hajiya," da muryar wasa.

Ba mugu ba ne. Da mugu ne da na huta.

Alhamis, 15 ga Mayu, bayan La'asar

Aiki ya yi yawa, Alhaji ya ɗauko sabuwar yarinya mu riƙa karɓa-karɓa a bakin injin. Mardiya sunanta, daga Makera. Ba ta kai ni shekaru ba. Bakinta ba ya rufuwa, ta riga ta gaya mini sunayen ƙannenta duka da na jakinsu. Ta yi lalle ja a yatsu.

Mata suka koya mata aikin yadda aka koya wa kowa. In ya toshe ki ɗaga murfi, Gwaggo za ta kashe, ki cire, ki rufe, ki kira Rilwanu. Yaya ya ce zai yi mata bayani in ya dawo daga sayen gas.

In ya dawo.

Ina jan ɓuntu da manjagara na ji ƙarar ta canza. Na juya, hannunta na kan mariƙin murfi. Na kai mata duka da ƙotar manjagara a wuyan hannu. Da ƙarfi. Na danna jan maɓalli.

Ta fasa ihu. "Ke mahaukaciya ce? Me na yi miki?"

Mata suka taru. Wata ta ce kishi nake don an kawo wadda ta fi ni baki. Wata ta ce tun abin Sauda yarinyar nan ba daidai take ba, a kai ta a yi mata tofi. Suna ta tambaya ta dalili. Na buɗe baki, sunan Yaya ne a kan harshena, na rufe.

Da Yaya ya dawo aka gaya masa. Ya ce zai yi mini faɗa a gida. Ya ja Mardiya gefe ya ce kada ta taɓa murfi. Ta ce to, tana murza hannu tana harara ta. Ba ta ji ba. Ta ɗauka don a raba mu faɗa ne.

A gida bai yi mini faɗa ba. Bai ma shigo da wuri ba.

Alhamis ɗin dai, bayan Magariba

Anti ta ce jibi Asabar ni zan raka ta awo. Ke nan Mardiya ce a bakin injin tun safe, ita kaɗai. Yaya kuma mutum ne, zai je sallah, zai je bayi, za a kira shi ofis.

Na yi ta tunanin Gwaggo. Ba ta taɓa cewa wane ne ya yi ba. Ba ta san sunan kowa ba. In abu bai yi mata daidai ba sai ta tsaya, ta ƙi motsi har a zo a duba. An zage ta, an yi mata dariya, ita dai a tsaye.

Gobe da hantsi, sa'ad da mata suka cika, manoman Makera suna bakin rumfa, injin yana tsakar gudu, zan ce kowa ya ja baya. Wannan zan iya faɗa, kalma kaɗan ce. Zan sa ƙotar manjagara in ɗaga murfin daga nesa. Zan bar shi a buɗe su ga ƙarfen yana juyawa, su ga fitilar kore. In sun gani sosai, sai in danna jan maɓalli. Daga nan in je in tsaya a gaban shuɗin, in ba shi baya. Wanda zai tada injin sai ya ɗauke ni.

Ba zan kama sunan kowa ba. In aka tambaye ni, zan ce a kira Malam Ilu. Zan ce Sauda ta ɗaga murfin.

Na san Alhaji zai ce bai sani ba. Na san kan wa abin zai faɗa. Wataƙila Yaya ya daina mini magana, wataƙila jibi ina Barkiya ina tatsar nono, Anti ta nemi wata ta raka ta. Na yi ta neman hanyar da ba za ta bi ta kansa ba, ban samu ba. Zai yi kuka. Inno ta ce dā ma ya yi.

Na zuba masa man shanu a tuwonsa na rufe, yana nan a kan tabarma. Na wanke hijabina na shanya. Manjagarar na ajiye ta a bayan buhunan ƙofa, inda ba wanda zai ɗauka kafin in zo.